Akta Ya Mutu, Bos Ya Tafi da Ƙafarsa: Fashin Baƙi Kan Finafinan Joel da Ethan Coen

Ranar da na kunna wa ƙanena No Country for Old Men, fim ɗin Joel da Ethan Coen, lafiya lau muka zauna har fim ya doshi ƙarshe. Sai ga wani dattijon ɗan sanda ya iso wani masauki a birnin El Paso, ya tarar da mutumin da muka yi ta bi tun farkon fim a kwance cikin jini. Ba a nuna mana harbin ba, ba mu ji kalmarsa ta ƙarshe ba. Ƙanena ya fizge rimot ya mayar da fim baya, a zatonsa faifan ne ya yi tsalle. Da ya tabbatar haka masu shi suka tsara shi, sai ya juyo ya ce, "Yaya, wannan ai cuta ce. Ya za a yi akta ya mutu a bayan idonmu, bos kuma ya tafi da ƙafarsa?"

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taso da finafinan kaboyi da na Indiya da na Caina ya san akwai alkawari tsakanin mai fim da mai kallo, ko da ba a rubuta shi ba: za a gana wa akta azaba, a kashe masa uba ko a sace masa mata, amma komai daren daɗewa zai yi ido biyu da bos ya rama. Joel Coen da ƙanensa Ethan sun san wannan alkawari kamar yunwar cikinsu, kuma da gangan suke saɓa shi. Masu sukarsu sun daɗe suna cewa ba su ɗauki ɗan Adam a bakin komai ba, wai wawaye suke ƙirƙira don su yi musu dariya sannan su karkashe su. Na sha kallon finafinan nan, wasu sau uku sau huɗu, kuma ban yarda da wannan hukunci ba. Abin da nake gani shi ne mutum biyu da suka shafe shekara sama da 30 suna juya tambaya ɗaya: in duniya ta ƙi yi maka bayanin abin da ke samunka, ko hakan ya sauke maka alhakin abin da hannunka ya aikata? Ko sun sa wa tambayar hular kaboyi, ko sun mayar da ita abin dariya, amsar da suke bayarwa a'a ce.

An haifi Joel a 1954, Ethan kuma a 1957, a St. Louis Park da ke gefen birnin Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka, cikin iyalin Yahudawa 'yan boko. Mahaifinsu malamin tattalin arziki ne a jami'a, mahaifiyarsu masaniyar tarihin zane-zane. Joel ya karanta harkar fim a New York, Ethan ya karanta falsafa a Princeton. Tare suke rubuta labari, tare suke ba da umarni, tare suke yanka hotuna su haɗa, ko da yake har zuwa 2004 sunan Joel ake sawa a matsayin darakta, na Ethan a matsayin furodusa. Aikin haɗa hoton kuwa sai suka jingina shi ga wani suna na ƙage, Roderick Jaynes, wanda har sau biyu ya shiga takarar lambar yabo ta Oscar alhali babu mutumin.

Tun fim ɗinsu na farko, Blood Simple na 1984, ƙashin labarinsu ya fito fili. Mai mashaya a Texas ya ɗauki hayar wani mai binciken sirri ya kashe masa matarsa da kwartonta. Wanda aka hayo ya karɓi kuɗin ya harbe maigidan. Kwarton ya zaci matar ce ta yi, matar ta zaci shi ne, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asirin laifin da bai aikata ba. Mai kallo kaɗai ya san gaskiya. Wannan ita ce dabarar da ba su taɓa yarwa ba: su ɗora ka a kan tudu kana hangen mutum yana gina ramin da zai faɗa, shi kuwa yana ganin ya fi kowa wayo.

Babu inda abin ya nuna kamar Fargo na 1996. Jerry Lundegaard dillalin motoci ne a kamfanin surukinsa, bashi ya yi masa katutu. Sai ya nemo 'yan ta'adda biyu su yi garkuwa da matarsa, ya ce musu kuɗin fansar dala 80,000 ne za a raba, surukin kuma ya ce masa miliyan ɗaya aka nema. A lissafinsa ko ƙwarzane ba wanda zai samu. Kafin a gama, mutum bakwai sun mutu, har da matar da surukin. Akwai wani wuri da ba na mantawa. Carl, ɗaya daga cikin 'yan ta'addan, ya buɗe jaka a cikin mota, fuskarsa na zubar da jini, ya ga ashe miliyan ce. Ya ware dubu 80, ya binne sauran cikin dusar ƙanƙara a gindin wani shinge. Ya duba hagu ya duba dama, shingen ya miƙe iya ganin ido, kowane turke kamar ɗan'uwansa. Sai ya soka ɗan jan abin kankare ƙanƙarar gilashin mota a wurin don shaida. Mutumin da ya ɓoye dala 920,000 ya koma maɓoyarsu ya tsaya jayayya da abokin aikinsa a kan wa zai tafi da mota, kuma a kan wannan motar aka sare shi da gatari. Kuɗin suna nan a ƙarƙashin ƙanƙara, fim ya ƙare bai sake waiwayarsu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka ne, amma abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda jakar da ta ci rayuka bakwai ta zama ba komai ba a idon masu fim ɗin.

To da wa suka damu? Da Marge Gunderson, shugabar 'yan sandan garin Brainerd, mai cikin wata bakwai, wadda ba ta ma bayyana sai an ci kusan rabin awa. Frances McDormand ce ta fito a matsayinta, matar Joel tun 1984, kuma ta ci Oscar da wannan rawa. Marge ba ta da wata baiwa ta musamman. Tana tashi da asuba, mijinta ya soya mata ƙwai, ta fita ta duba sawun taya da na takalmi, ta yi wa mutane tambaya cikin ladabi. Akwai wata fitowa da mutane ke cewa ba ta da amfani: wani tsohon ɗan makarantarsu ya gayyace ta, ya yi ta kuka yana cewa matarsa ta rasu. Daga baya ta ji ashe ƙarya ce tsagwaronta, bai taɓa auren matar ba, kuma tana nan da ranta. Nan take ta koma wurin Jerry ta sake yi masa tambayoyi, domin ta gane mai fara'a da sanyin murya ma yana iya shara ƙarya. A ƙarshe tana kwance da mijinta, yana ba ta labarin an zaɓi zanensa na agwagwa a sa a kan sarki na santi 3, yana ɗan jin haushin ba babba ya samu ba, ita kuma tana lallashinsa cewa ai ƙananan ma ana buƙatarsu duk lokacin da kuɗin aika wasiƙa ya tashi. Wanda ya rena ɗan Adam ba zai rufe fim ɗinsa da wannan ba.

No Country for Old Men na 2007, wanda aka ɗauko daga littafin Cormac McCarthy, shi ne labarin Fargo bayan an cire masa dariya. Shekarar 1980 ce a yammacin Texas. Llewelyn Moss ya fita farauta, ya tarar da gawarwakin dillalan ƙwaya da suka harbe juna, da jaka mai dala miliyan 2. Ya yi tsintuwa ya tafi gida. Cikin dare imani ya kama shi, ya tuna da wani da ya bari da sauran numfashi yana roƙon ruwa, sai ya cika galan ya koma. A nan aka gano motarsa. Wasu kan ce ka ga, alherinsa ne ya ja masa. Amma fim ɗin ya riga ya toshe wannan ƙofa: akwai na'urar bin diddigi a ɓoye cikin kuɗin, ko ya koma ko bai koma ba za a same shi. Ɗaukar jakar ce ta ja masa, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mai bin sawunsa, Anton Chigurh, wanda Javier Bardem ya fito a matsayinsa, yana yawo da tukunyar iska da wani ƙarfe irin wanda ake sumar da shanu da shi a mayanka. Da shi yake fasa makulli, da shi yake kisa. Yana ɗaukar kansa kamar ɗan aiken ƙaddara. A wani gidan mai ya cilla kwabo sama ya sa tsohon mai shago ya canka, ba tare da ya gaya masa ransa ne a kan layi ba, har yana faɗa masa kwabon na 1958 ne, ya yi shekara 22 yana tafiya don ya iso wannan wuri. Tsohon ya canka daidai ya tsira. Kusan babu kiɗa a fim ɗin gaba ɗaya, sai iska da takun takalmi da ƙarar ledar gyaɗar da Chigurh ya murƙushe ya ajiye a kan kanta tana warwarewa a hankali.

Inda hujjata ta fi ƙarfi shi ne haɗuwarsa da Carla Jean, matar Moss. Ta dawo daga jana'izar mahaifiyarta ta same shi zaune a ɗaki. Ya cilla mata kwabo. A littafin ta canka ta faɗi. A fim ɗin 'yan'uwan nan sun sauya: ta ƙi canka, ta gaya masa kwabo ba shi da ta cewa, shi ne mai yanke hukunci. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin tun a makarantar allo aka koya mana ba a fakewa da ƙaddara a aikata zalunci. Matar da kowa ke gani mai rauni ita kaɗai ta tube wa Chigurh rigar da yake fakewa a ciki. Bai hana shi kashe ta ba, mun ga ya fito yana duba tafin takalminsa. Amma bai yi nisa ba wata mota ta yi awon gaba da tasa alhali shi ke da hannu, ƙashi ya fito masa a dantse, ya sayi rigar wani yaro ya ɗaure hannun ya ɗingisa ya tafi. Ashe shi ma cikin duniyar yake kamar kowa. Fim ɗin ya ci Oscar huɗu a 2008, har da na gwarzon fim da na darakta.

Fim ɗinsu na kaboyi na ainihi shi ne True Grit na 2010, daga littafin Charles Portis na 1968, wanda John Wayne ya taɓa fitowa a fim ɗinsa a 1969. Su sai suka mayar da labarin bakin yarinyar, Mattie Ross mai shekara 14, wadda ta zo Fort Smith a Arkansas ɗaukar gawar mahaifinta da neman wanda ya kashe shi. Duk mai son ciniki ya kalli yadda ta tsare wani dillalin dawaki a ofishinsa. Ya ce ba zai biya ba, ta ambaci lauyanta. Ya taya, ta ce albarka ta miƙe za ta fita. Ta sa shi ya sake sayen dawakin da ya sayar wa mahaifinta, ya kuma biya kuɗin wanda aka sace a hannunsa, har da ta sake dawowa sai ka ga tsoro a idon dattijon. A wannan fim an cika alkawarin da ƙanena ke nema, Mattie ta harbe makashin ubanta da hannunta. Sai dai ƙarfin bindigar ya jefa ta cikin rami, maciji ya sare ta. Rooster Cogburn, tsohon jami'i mashayi mai ido ɗaya da ta ɗauka haya, ya goya ta a doki ya sukwane shi cikin dare har dokin ya faɗi, sannan ya sungume ta ya ci gaba da gudu a ƙafa. Ta rayu, amma an yanke hannun. Bayan shekara 25 ta je ganinsa, aka ce mata kwana uku ke nan da rasuwarsa. Fansa ta samu, kuɗinta kuma an biya lakadan. Shi ne fim ɗinsu da ya fi kawo kuɗi, ya shiga takarar Oscar 10 bai ci ko ɗaya ba.

The Ballad of Buster Scruggs na 2018 labarai shida ne na kaboyi, kowanne da mutuwa a ciki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na saurayin da ba shi da hannuwa ba shi da ƙafafu, ana yawo da shi gari gari yana karanto waƙoƙi da jawabai da murya mai daɗi, ubangidansa na karɓar taro da sisi. Da 'yan kallo suka ja baya, ubangidan ya sayi kazar da ake cewa ta iya lissafi. Ya tsaya a bakin gada, ya jefa dutse ya auna zurfin ruwan. Fitowa ta gaba, kazar ce kaɗai a bayan keken dokin. A nan dole in faɗi inda nake ganin sun gaza: 'yan asalin ƙasar Amurka a wannan fim ba su da suna ba su da magana, sai dai su ɓullo daga bayan tudu su kai hari, kamar dai a tsofaffin finafinan kaboyi. A True Grit sun nuna sun san wannan zalunci, domin a wurin rataye mutum uku an bar Turawa biyu sun yi jawabin bankwana, na ukun ɗan asalin ƙasar yana buɗe baki aka rufa masa buhu a ka. Wanda ya iya ganin wannan ya kamata ya yi abin da ya fi haka bayan shekara takwas.

A Serious Man na 2009 shi ne mafi kusa da gidansu: unguwar Yahudawa a Minnesota a 1967. Larry Gopnik malamin fiziks ne, matarsa na neman saki don ta auri wani, ɗan'uwansa ya tare masa a falo, wani ɗalibi ya ajiye masa ambulan na cin hanci don a gyara masa maki. Kullum maganarsa ita ce shi bai yi komai ba. Ya je wurin malamansu uku neman fatawa. Na farko yaro ne, na biyu ya ba shi labarin likitan haƙori da ya ga rubutun Ibrananci a bayan haƙoran wani mara lafiya, ya rasa barci yana neman ma'anarsa, daga baya ya gaji ya ci gaba da rayuwarsa. Na ukun ko ganinsa bai yi ba. Ana yawan kwatanta Larry da Annabi Ayuba, amma akwai bambanci babba, domin Annabi Ayuba ya yi haƙuri har ƙarshe. Larry kuwa, da takardar kuɗin lauya ta iso, ya ɗauki abin gogewa ya sauya makin. Bai ajiye fensir ba waya ta yi ƙara, likitansa ne ke nemansa da gaggawa kan hoton ƙirjinsa, a can makarantar ɗansa kuma guguwa ta murɗo baƙi ƙirin. Sakayya ce ko dacewa? Ba su faɗa ba. Abin da suka nuna ƙarara shi ne hannun da ya goge makin.

Barkwancinsu mai ɗaci daga wannan tukunya yake fitowa. A Burn After Reading na 2008, ma'aikatan gidan motsa jiki biyu sun tsinci faifai ɗauke da tarihin rayuwar wani tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asiri ta CIA, suka zaci sirrin ƙasa ne, har suka kai ofishin jakadancin Rasha, duk don ɗayarsu ta samu kuɗin tiyatar gyaran jiki. Banza ta kori wofi, amma mutane sun mutu da gaske. Kana cikin dariyar Brad Pitt, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya ɓuya a kabad ɗin kaya yana murmushi, sai harsashi ya same shi a ka, dariyar ta maƙale maka a wuya. Da gangan suke yin haka, don ka ji nauyin abin da kake wa dariya.

Salon nasu ya fi zama a baki. Kowane fim da karin harshensa: ladabin mutanen Minnesota mai yawan gyaɗa kai, jan maganar Texas, tsohon Turancin True Grit mai ƙamshin littafin addini. Yadda Bahaushe zai ji Sakkwatanci ko Kananci ko Damagaranci ya san daga ina mutum ya fito, haka Ba'amurke ke jin waɗannan, kuma wannan kaso ne da fassara ba ta iya ɗaukowa. Suna zana kowace fitowa a takarda kafin a kunna kyamara, 'yan wasa kuma ba su cika sauya ko kalma ɗaya ba. In mutum biyu na magana, sukan dasa kyamarar a tsakaninsu dab da fuska, har ka ga ɗigon gumi da rawar leɓe. Mutanensu ma kusan ɗaya ne shekara da shekaru: Carter Burwell a kiɗa tun 1984, Roger Deakins a ɗaukar hoto tun Barton Fink na 1991, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa. A O Brother, Where Art Thou? na 2000 Deakins ya bi fim ɗin kaf da kwamfuta ya mayar da koren Mississippi ruwan ƙasa mai ƙura. Sai dai a sani, yawancin finafinan nan akwai jini da ashar da wuraren da ba na kallo da yara ba ne. Kuma ba duka suka yi kyau ba, The Ladykillers na 2004 a ganina hayaniya ce ta yi masa yawa. Tun bayan 2018 kowa ya kama nasa aikin, Joel ya yi fim ɗin Macbeth da Denzel Washington a 2021, Ethan kuma ya yi finafinan barkwanci tare da matarsa Tricia Cooke.

Ƙanena ya tashi a fusace bai ga mintunan ƙarshe na No Country for Old Men ba, sai bayan watanni ya koma ya kalla shi kaɗai, ya kira ni a waya muka daɗe muna magana a kansu. Tsohon ɗan sanda Ed Tom Bell, wanda Tommy Lee Jones ya fito a matsayinsa, ya ajiye aiki ba tare da ya ceci kowa ba. Yana zaune a teburin karin kumallo yana ba matarsa labarin mafarki biyu da ya yi da mahaifinsa, wanda ya rasu yana da ƙarancin shekaru a kan nasa na yanzu. A na biyun suna kan dawaki cikin dare a tsakanin duwatsu, sanyi na ratsa ƙashi. Uban ya wuce shi lulluɓe da bargo, kansa a sunkuye, bai ce uffan ba, yana ɗauke da wuta a cikin ƙaho kamar yadda mutanen da ke yi. Bell ya ce ya san gaba zai yi ya hura wuta a cikin duhun nan, kuma duk lokacin da ya isa zai same shi a can. Sai ya farka. Matar na kallonsa, agogon bango na bugawa, hoton ya ɗauke.